Macen da ta rasu wajen haihuwa: ana iya kai gwamnati ƙara a waje?

Ɗalibar shari'a:
Salamu alaikum malamai. Idan mace ta rasu wajen haihuwa saboda sakacin asibiti, shin dokokin haƙƙin ɗan Adam na duniya suna da amfani ga danginta, ko takarda ce kawai?

Barista:
Wa alaikumus salam, Malama. Suna da amfani, amma da sharaɗi. Sashe na 12 na CEDAW, wato yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya ta kawar da nuna wa mata bambanci, ya ɗora wa gwamnati nauyin kula da mace lokacin ciki, haihuwa da jego. Kafin kwamitinta ya saurari ƙorafin mutum ɗaya, dole ƙasar ta amince da ƙarin yarjejeniyar 1999, kuma an bi kotunan gida har ƙarshe, sai fa in shari'ar ta yi jan ƙafa fiye da kima.

Duba shari'ar Alyne da Silva Pimentel, 'yar Birazil mai shekara 28 da ta rasu a 2002 da cikin wata shida. Asibitin kuɗi ta fara zuwa, aka yi jinkirin tura ta babban asibiti, aka kuma tura ta ba tare da fayil ɗinta ba. A 2011 kwamitin ya ce laifin na gwamnati ne, domin miƙa aikin lafiya ga 'yan kasuwa ba ya sauke mata nauyin sa ido.

Ungozoma:
Barista ya taɓo wurin. Fayil shi ne shari'ar. A nemi lokacin da matar ta iso asibiti, lokacin da aka fara duba ta, awon hawan jini, da takardar tura ta. In zubar jini ne, yaushe aka yi allurar oksitosin mai tsayar da shi, kuma a firiji take? Zafi yana rage mata ƙarfi. In jijjiga ce, akwai maganinta, magnesium sulphate, a ɗakin haihuwa a daren? A rubuta komai da sa'a da minti tun shaidu ba su manta ba.

Malamin jami'a:
Sai dai kada a yaudari dangi. Kwamitin shawara yake bayarwa, ba shi da ɗan sanda. Mahaifiyar Alyne sai a 2014 ta karɓi diyya. Shi ya sa na fi son a jawo waɗannan yarjejeniyoyi cikin kotun gida, kamar yadda kotun tsarin mulkin Yuganda ta hukunta gwamnati a 2020 kan mata biyu da suka rasu a asibitocinta. A can ma shekara tara aka yi ana fafatawa.