Yaya ƙarshen zango ya same ku a gidajenku?

Maman Ilham, Bolari: Jama'a salamu alaikum. Jiya aka rufe zangon shirin da muke bi, kuma wallahi raina ya ɓaci. An tara dangi za a ɗaura aure, liman ya buɗe baki, sai ga wata mota ta tsaya, aka nuna ƙafar mutum kawai, shi ke nan, wai mu tara a zango na gaba. Ƙafa fa! Kowa ya faɗi yadda ta kaya a wajensa.

Ɗan Wunti: Hajiya ai ke kin ga ƙafar. Mu ana saura kaɗan aka ɗauke wuta. Da safe na je wurin masu turi a Muda Lawal, kafin yaron ya gama tura mini ya riga ya ba ni labarin ƙarshen kaf.

Anti Jekadafari: Ni surukata ce abin kallo. Lokacin da Nafisa Abdullahi ta bar Labarina, Fati Washa ta karɓi matsayin Sumayya, Inna ta ce sam wannan ba Sumayya ba ce, an sace ta gaskiyar ne ake ɓoye mana. Muka yi bayani har muka gaji. Sai da aka yi makonni tana zama ta juya wa talabijin baya, amma kunnenta na wurin, don ita ke fara cewa "ƙarya yake yi" in wani ya buɗe baki.

Malam na Azare: Abin kasuwa ne. Tun da Arewa24 ta fara a 2014 aka saba da shiri na mako-mako, daga baya masu fim suka koma YouTube, inda yawan kallo da talla ke kawo kuɗi. Wanda ya warware labari ya sallami masu kallo. Shi ya sa asirin da zai tonu a kashi uku ake jan sa zango biyu, ga tallan maganin gargajiya a tsakiya.

Maman Ilham, Bolari: Malam gaskiya ne, amma su ji tausayin datarmu mana.

Ɗan Wunti: Ni dai na ce na daina.

Anti Jekadafari: Ƙanena, haka ka ce bara. Maman Ilham, takalmin na mace ne ko na namiji? Inna ta rantse uwargidan da aka ce ta mutu ce ta dawo.