Ramin da ke tsakiyar hadari a hoton rada

Don Allah masana yanayi, ku taimaka mini. Kwana uku ke nan ina fama da hoton rada (na'urar da ke gano hadari ta hanyar aika sigina da karɓar wadda ta dawo) na wani gagarumin hadari. A tsayin kilomita 5 na ga wani rami mai raunin sigina, kewaye da ƙarfin da ya haura 55 dBZ (ma'aunin ƙarfin siginar da ke dawowa), samansa a rufe kamar rumfa. Na san iska mai hawa sama da ƙarfi takan haifar da haka, domin tana sure ɗigon ruwa tun kafin su girma.

Abin da ya ɗaure mini kai, na'urar ta C-band ce (nau'in rada da ruwan sama mai yawa kan raunana siginarsa), kuma ruwa mai yawa na tsakaninta da ramin, zai iya cinye siginar. Yaya zan bambance ko iskar ce ta haifar da ramin ko kuwa ruwan ne ya cinye siginar? Ginshiƙin ZDR (ma'aunin siffar ɗigon ruwa) da ya zarce tsayin da ruwa ke daskarewa ya isa hujjar cewa iskar ce?