Ɗaga ƙafar Hilux da daidaita gaba da baya: waɗanda suka yi aikin su ba mu haske

Direban Ƙauye:
Assalamu alaikum. Mota Hilux Vigo ce ta 2012, mai ƙofa huɗu, mai agzilari, injin fetur 2.7. Gabanta ya sunkuya, farantin ƙarƙashin injin yana gogar tudun tsakiyar hanya inda manyan motoci suka haƙe da damina. In an ɗora buhu shida kuma sai bayan ya zauna. Wani ya ce sifesa, wato zoben ƙarfe da ake sawa a saman shokozoba, kawai ta isa, wani ya ce a ƙara falle a sifirin baya, wani ya ce a sauke ƙafar duka a sa sabuwa. Ina roƙon masu aikin da hannunsu su faɗa mana yadda abin yake.

Mai Gareji a Ƙofar Ruwa:
Wa alaikumus salam, Malam. Kafin ka sayi ko noti ɗaya, a fara auna motar. A tsayar da ita a kan daɓen siminti wanda bai karkata ba, tanki cike, babu kaya, iskar tayoyi daidai. A ja tef daga tsakiyar wili zuwa leɓen madigadi a ƙafafu huɗun duka, a rubuta. Ba daga ƙasa ake ja ba, domin taya mai ƙarancin iska ko wadda ta cinye za ta ba ka lissafin ƙarya.

Hilux tun daga kamfani bayanta ya fi gabanta tsayi, kuma da gangan aka yi haka, don in an yi lodi ta zauna daidai. Wanda ya ɗaga gaba har ya yi kai ɗaya da baya alhali babu kaya, ranar da ya ɗora buhunansa hancin motar sama zai kalla, sitiyari ya yi sakayau, fitila ta riƙa dallare idon masu tahowa. Motar lodi a bar wa bayanta fifikon milimita 20 zuwa 30 ko da an gama ɗagawa.

Sannan mota mai waɗannan shekaru, da wuya a ce sifirinta bai gaji ba. Da yawa daga masu cewa a ɗaga musu mota, tsayinta na asali suke nema ba su sani ba. Sabon sifirin gaba da sabuwar shokozoba kaɗai kan dawo da abin da ya zube.

Injiniya Kaduna:
Oga ya faɗi gaskiya. Bari in tsaya kan sifesa, don a nan aka fi yin ɓarna. A Vigo da Revo (Hilux ɗin da ta biyo bayan Vigo), sifirin gaba naɗe yake a jikin shokozoba, ƙasanta kuma a kan hannun ƙasa take zaune, wajen tsakiyarsa, ba a bakin taya ba. Shi ya sa duk kaurin da ka ƙara a samanta kusan ninkinsa yake fitowa a taya. Sifesa mai kaurin milimita 25 tana ɗaga gaba milimita 40 zuwa 50. Wanda bai san wannan ba sai ya ce yana son inci biyu, a yanko masa ƙarfe mai kaurin inci biyu, motar ta tashi kusan inci huɗu, a lalata ƙafar gaba cikin 'yan makonni.

Abin da sifesar sama take yi shi ne tura shokozobar gaba ɗaya ƙasa. In taya ta faɗa rami, tana sauka fiye da inda kamfani ya tsara. A nan boljoyin sama ke kai ƙarshen juyinsa ya maƙale, hannun sama ya daki sifirin, shaf ɗin gaba ya lanƙwashe fiye da kima. In kuma motar ta daki tudu da ƙarfi, shokozoba na iya ƙurewa kafin hannun ƙasa ya taɓa robar tsayawa, sai sandarta ta lanƙwashe ko gindinta ya karye.

Ra'ayina: sifesa kada ta wuce milimita 10 zuwa 15, don gyaran ɗan sunkuyo. Mai son milimita 40 zuwa 50 ya sayi sifirin da shokozoba da aka ƙera tare don wannan tsayin, irin na Old Man Emu, Ironman 4x4 ko Dobinsons, duka na Ostareliya ne. Akwai kuma Bilstein mai zoben da ake matsar da mazaunin sifirin sama ko ƙasa. A kula da lambar sifirin: na injin dizal 2KD ko 1KD ya fi na 2TR mai fetur ƙarfi, saboda nauyin injin. Ka sa na dizal a motarka ta fetur, babu ƙarfen gaba, babu winci, za ta tashi fiye da yadda aka rubuta a kwali, ta kuma yi tauri.

Mai Saitin Ƙafa:
Injiniya, a nan ban bi ka gaba ɗaya ba. Sifesa mai milimita 20 da aka yanka da injin sassaƙa ƙarfe daga alminiyam mai kyau, a motar da yawancin tafiyarta kwalta ce, tana daɗewa ba matsala. Wadda ke jawo fitina ita ce ta walda, wadda fuskarta ba ta kwanta daidai ba, da kuma kusoshi masu taushi. Amma ga hanyar da Malam ya kwatanta, na yarda, cikakken haɗin sifirin da shokozoba ya fi.

Abin da nake so a riƙe: duk motar da aka ɗaga gabanta, saitin ƙafarta ya tashi daga aiki, ko milimita 20 ne. Bakin tayoyin yana sauyawa, tsayuwarsu tana sauyawa, kasta kuma tana raguwa. Kasta ce ke dawo da sitiyari tsakiya bayan kwana, ita ke riƙe mota a miƙe. In ta yi ƙasa, a gudun 100 za ka ji motar tana yawo, hannunka ba ya hutawa. A Hilux da kusoshin nan masu karkataccen wanshi na hannun ƙasa ake gyara ta, guda biyu a kowane gefe. Har zuwa milimita 40 ko 50 yawanci suna iya dawo da saitin. Daga nan sun ƙure, sai an sayi hannun sama na musamman wanda aka ƙera da ƙarin kasta da gyararren mazaunin boljoyin.

Matsalar da muke yawan gani ita ce kusoshin sun yi tsatsa sun manne da bututun cikin bushin. Kan kusar yana motsi kaɗan, robar ce ke murɗewa, saitin ba ya zama. A jiƙa su da man sassauta tsatsa tun ana saura kwana biyu, in sun ƙi a yanke a sa sababbi da sabon bushin, a shafa musu giris. Kuma a je inda ake da na'ura, a karɓi takardar lambobin. Saitin igiya bakin taya kaɗai yake gani.

Maƙerin Sifirin:
Ni bayan zan yi magana a kai, ranku ya daɗe. Hanya huɗu ce.

Bulo tsakanin sifirin da bakaksul: a mai agzilari sifirin a saman bakaksul yake, don haka bulo yana ɗagawa daidai kaurinsa. Ƙarfi dai ba ya ƙarawa ko kaɗan, buhu shidan nan za su zaunar da ita yadda suka saba. Yana kuma ƙara wa bakaksul damar murɗa sifirin lokacin tashi, abin da ke sa baya tsalle cikin yashi. In dole ne, kada ya wuce milimita 25 zuwa 30, ya zama ƙarfe ɗaya dunƙulalle mai mazaunin santabol (kusar tsakiya da ke haɗa fallayen sifirin), kuma har abada ba a ɗora bulo kan bulo.

Dogon shakul, wato ƙarfen da ke rataye ƙarshen sifirin a jikin shasi: rabin abin da ka ƙara kake samu, domin ƙarshe ɗaya na sifirin kawai ya sauka. Ƙarin milimita 50 ya ba ka kamar 25. A kan gajiyayyen sifiri saurin miƙar da shi yake yi.

Ƙarin falle: wannan yana ɗagawa, yana kuma ƙara ƙarfin ɗauka. Dogon falle ake sawa, wanda faɗinsa ya yi daidai da na asali, a jera shi bisa tsawonsa a cikin sahu, da sabon santabol mai tsayi. A matse sahun da kilam biyu kafin a kwance tsohon santabol, in ba haka ba fallayen za su watse da ƙarfi. Guntun falle mai kauri da ake cirowa daga babbar mota yana sa babban falle ya karye daidai inda guntun ya ƙare.

Sabon sahu gaba ɗaya shi ya fi. Ana sayar da su bisa nauyin da ke zama a motar kullum, ba nauyin da ake ɗauka sau ɗaya a wata ba. Wanda ya sa sahun kilo 500 yana yawo babu kaya, bayan zai riƙa tsalle a gargada kamar akuya a kan dutse, tayoyin ba sa riƙe ƙasa. Na Revo ya fi na Vigo tsawo da kusan milimita 100, ba sa shiga wa juna.

Gasa sifirin da wuta don a lanƙwasa shi, wannan ina roƙo a bari. Wuta tana kashe ƙarfen, zai sake kwanciya ko ya tsage.

Yubol kuma, kusar nan mai siffar U da ke ɗaure sifirin da bakaksul, sabo ake sawa duk lokacin da aka kwance, domin tsohon ya riga ya miƙe. A ɗaure a gicciye kaɗan-kaɗan, a sake bin su bayan kilomita 500.

Injiniya Kaduna:
Akwai abin da ba a ambata ba, kuma ya shafi rai. Vigo marar ABS (na'urar hana tayoyi kullewa in an taka birki) tana da wani bawul a jikin shasi ta baya, da siririyar sanda da ta haɗa shi da bakaksul. Shi ke auna yadda bayan ya zauna, ya ƙara wa birkin baya ƙarfi in akwai lodi, ya rage in babu. Ka ɗaga baya milimita 50 ka bar sandar yadda take, bawul ɗin zai ɗauka motar babu kaya ko da tana ɗauke da rabin tan. Birkin baya ya yi sanyi, na gaba ya ɗauki aikin duka, ya yi zafi a gangara. Gyaran ɗan ƙarfe ne mai huji biyu da zai ɗaga mazaunin sandar a kan bakaksul daidai yawan abin da aka ɗaga motar.

Bayan haka a ɗaga shasi har tayoyin baya su rataye, a duba tiyon birki, wayar ABS in akwai, wayar birkin hannu da tiyon numfashin bakaksul. Duk wanda ya miƙe tsam, a sauke mazauninsa ko a sa mai tsawo. Tsohuwar shokozobar baya ma ba za ta kai ba, sai mai tsawon da ya dace.

Mai Gareji a Ƙofar Ruwa:
Ƙari biyu. Mai ƙofa huɗu farfelarta ta baya gaɓa biyu ce da boris a tsakiya. In an ɗaga baya aka ji kakkarwa lokacin tashi, daga giya ɗaya zuwa biyu, kusurwar farfela ce ta sauya. A sauke boris ɗin tsakiya da wanshi milimita 5 zuwa 10 a gwada. In ba ta daina ba, a sa ɗan karkataccen ƙarfe mai digiri 2 ko 3 a ƙarƙashin sifirin.

Na biyu, duk kusar da ta ratsa bushin roba, ta hannun ƙasa, ta gindin shokozoba, ta idon sifirin da shakul, ba a ƙarasa ɗaure ta sai motar ta sauka kan tayoyinta an girgiza ta. Yaran gareji suna son ɗaurewa tana kan jak don ya fi sauƙi, sai robar ta zauna a murɗe ta yage da wuri. Sifirin gaba kuma da matsewar sifiri ta gaske ake haɗa shi, ba da waya ko igiya ba. In ya kuɓuce yana iya kashe mutum.

Na Damagaram:
Salamu alaikum 'yan'uwa. Masu tsohuwar Hilux ta kafin 2005 mai sandar murɗi a gaba, naku daban ne. Da kusar da ke ƙarshen sandar ake ɗagawa. A ɗaga motar a jak tukuna don nauyi ya sauka, a ƙirga juyin kowane gefe, kada a wuce milimita 25 zuwa 30. In hannun sama ya kwanta a kan robarsa, taya ba ta da sauran wurin sauka, kowane rami duka ne. Land Cruiser 79 da ta cika hanyar Agadas kuwa aksul ɗin gabanta dunƙulalle ne, tana jure milimita 50 cikin sauƙi, sai dai tana son bushin gyaran kasta.

Direban Ƙauye:
Allah ya saka da alheri, Ogannina. Zan bi milimita 40 da cikakken haɗin sifirin da shokozoba a gaba, sabon sahu a baya. Saura taya: wace lamba za ta shiga?

Mai Saitin Ƙafa:
Amin, Malam. Ka tuna ɗaga ƙafa jikin mota da shasi yake ɗagawa. Tulun bakaksul yana nan inda yake, taya kaɗai ke nisanta shi da ƙasa, kuma rabin ƙarin tsayinta ake samu. Taya 265/65R17 tsayinta kusan milimita 776 ne, 265/70R17 kuma kusan 803. Ƙarin milimita 13 ke nan a ƙarƙashin tulun, mitar gudu kuma za ta riƙa nuna ƙasa da gaskiya da kusan kashi 3 cikin 100. Wannan tana shiga, wani lokaci da ɗan gyaran robar cikin madigadi. Ita 285/70R17 ta kai kusan 831, tana gogar mazaunin bodi da ke bayan tayar gaba in an karya sitiyari, kuma injin 2.7 zai ji ta a hawa da shan mai. In wilinka 16 ne mai 205R16, to 245/75R16 ta kai kusan 774, amma sai faɗin wilin ya dace da ita.

Mota da aka ɗaga ta fi saurin kifewa a kwana, balle in an jibga kaya sama da bodi, kuma nauyin da kamfani ya yarda ta ɗauka bai ƙaru ba don an sa sabon sifiri. A sake saita fitilun gaba a jikin bango. A sayi taya biyar, kada safaya ta zama ƙarama a mota mai agzilari. A kuma gwada jak ɗin motar tun a gareji, domin bayan ɗagawa sau da yawa ba ya kai wa ya raba taya da ƙasa, sai an ajiye katako mai kauri da faɗi a bayan kujera.