Musayar Waƙa: Tafkunan Manenguba

Ɗan Nkongsamba:
Salamu alaikum 'yan'uwa. Na hau dutsen Manenguba na Kamaru ta ɓangaren garin Bangem, na ga tafkunansa biyu da ake kira na mace da na namiji, ga tsarabarku:

Na hau Manenguba da sanyin safe,
Raɓa ta jiƙe ni, hazo ya rufe,
Da rana ta keto sai ga tafkuna biyu a gefe,
Shuɗin na mace, koren namiji na lafe.

Shanun Bororo na kiwo cikin kwari,
Nan dutse ya yi aman wuta tun fari,
Tafkin mace akan sauka da sauri,
Na namiji gangarensa sai mai ƙoƙari.

Ɗan Gembu:
Sannu da hawa, amma dutsenka mita 2,411 ne, Chappal Waddi namu na gandun dajin Gashaka Gumti a Taraba 2,419.

Ka hau ƙane kana ta shela,
Yayansa na nan, zo ka sha wahala,
Gashaka Gumti ba wurin ɗan gata ba,
Mai haki a tudu ba zai kai ba.

Ɗan Nkongsamba:
Mita takwas kake wa tutiya?
Tsayin kuka guda, faɗi gaskiya!
Nuna min tafki a kan naka tsauni,
In babu, yi shiru ka saurare ni.

Hajiya Babba:
Allah ya ƙara basira, ɗana! Wannan amsa ta gama magana.

Bakano:
Ku bar musun tsauni ku zo Dala,
Gidan Barbushe, tushen daula.

Bazazzagi:
Dala da aka yi wa matakala?
Jikata ma ta hau ba wahala,
Ana zancen tsaunin da ke shan girgije,
Kai ka kawo tudu, Bakano koma waje.

Malam Mai Aruli:
Ku dakata. Ɗan Nkongsamba, ɗango na 3 a baitinka na farko ya zarce 'yan'uwansa tsawo, karin ya karye. Kai kuma Ɗan Gembu, ka fara da amsa-amon "la" ka ƙare da "ba". A gyara.

Ɗan Gembu:
Allah gafarta Malam, ƙwar biyu-biyu na yi, kowane da amonsa. Shi da ya yi "ya" ya koma "ni" ba ka gani ba?

Hajiya Babba:
Malam, a bar yaro ya yi waƙarsa. Wanda ya ga tafki biyu dole numfashinsa ya yi tsawo.

Malam Mai Aruli:
Hajiya, kari ba ya duba abin da ido ya gani. A rera ɗangon, kunne zai ji ɗingishi.

Bazazzagi:
Malam ya riƙe ma'auni yana awo,
Baiti ɗaya nasa bai kawo,

Bakano, ina jiranka.

Baban Yara:
Sai yanzu na shigo. Ni tafkin bakin dutse mai aman wuta tsoro yake ba ni. A 1986 na Nyos ya saki iska mai guba da dare, ta kashe mutum fiye da 1,700.

Ɗana ka yi kallo daga nesa,
Ruwan da ke shiru kar ka kusance sa.

Ɗan Nkongsamba:
Allah ya ji ƙansu, Baba. Nyos na can Arewa maso Yammacin Kamaru, da nisa tsakaninmu. Malam, na rera ɗangon, a kunnena daidai yake. Ɗan Gembu, ga naka:

Bayan damina hanya za ta bushe,
Zo Bangem, rigar sanyi kar ka mance,
In ka ga kore da shuɗi a kwance,
Sai ka faɗa min wa ya yi rinjaye.

Malam Mai Aruli:
"Bushe", "mance", "rinjaye"? Wannan amsa-amo kuma daga ina?