Kun taɓa kai iyali kallon wasan kwaikwayo ido da ido?

Magidanci, Birnin Kebbi:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Makarantar su ɗiyata za ta yi wasan kwaikwayo ranar yaye ɗalibai, ina so mu tafi gaba ɗaya har da Inna. Wanda ya taɓa yi ya ba mu labari.

Uwar 'ya'ya huɗu, Gusau:
Wa alaikumus salam. Malam, ka tafi da ita. Bara munka je na su autana, shi anka ba kawu mai cin dukiyar marayu. Anka manna mai gemun auduga, ya zura babbar rigar babansa tana jan ƙasa. Da ya fizge akuyar marayun, akuya ta gaske da igiyarta, sai surukata ta miƙe tsaye tana salati, tana cewa wa ya koya mai wannan hali. Da munka koma gida sai da ya durƙusa ya rantse mata wasa ne, kana ta ba shi furarsa. Har yau idan anka taɓo zancen gado a gidanmu, wannan akuyar ake tunawa.

Malamin firamare, Argungu:
Mu namu a bikin kamun kifi ne na 2020, da ya dawo bayan kusan shekara goma. Yara sun ga kabanci, wato wasannin cikin ruwa, a kogin Matan Fada, da yamma kuma muka zauna kallon masu raye-rayen gargajiya. Ku riƙi ruwa da tabarma, ku riƙe hannun ƙanana. Nawa ya sulale cikin cunkoso, a gindin makaɗa na tsince shi.

Yaya Babba, Talata Mafara:
Ni tashe ne dandamalina. Daga goma ga azumi yara ke shigowa zaure, mai tsoho da gemu na dogara sanda, Jatau na jera magunguna, mata na leƙe ta bayan labule da ƙwaryar gero ta tukuici. Yanzu saboda halin tsaro, ana idar da asham kowa ke kiran nasa gida. Wannan abu na ci mini rai ƙwarai.

Amarya, Jega:
Ku dai je da wuri. Mu kujerun gaba manyan baƙi aka ajiye wa, lasifika kuma ta yi ta yankewa, rabin maganar ba mu ji ba.

Magidanci, Birnin Kebbi:
Na gode, Allah ya saka. Hajiya ta Gusau, ɗiyata kishiya za ta fito, don haka tun daren nan zan fara yi wa Inna bayani.