Jama'a, mass spectrometry fa, me za mu ce masa da Hausa?

'Yan lab da malaman Hausa ku matso. Jiya ina yi wa ƙanina bayanin yadda ake bambance ire-iren antibodi (sunadaran da jiki ke ƙerawa don yaƙar ƙwayoyin cuta) a jinin mutum, ina isowa kan wannan na'ura sai na tsaya cak, wallahi Hausar ta ƙare min.

Kafin a fara harbo suna bari in faɗi aikinta. Antibodi irin IgG nauyinsa wajen dalton 150,000 ne (dalton shi ne ma'aunin nauyin irin waɗannan ƙananan ƙwayoyi), sarƙa huɗu gare shi, manya biyu ƙanana biyu, kuma gida huɗu ne, IgG1 zuwa IgG4. To ko 'yan gida ɗaya ma ba su zama daidai ba, wani sukarin galaktos guda ya manne masa nauyi ya hau da 162, wani laisin ɗin bakin wutsiyarsa, wato ɗaya daga cikin tubalan da aka gina sarƙar da su, ya gutsure ya ragu da 128, wani oksijin ya kama shi ya ƙaru da 16 kacal. 16 fa cikin 150,000! Ita na'urar sai ta fesa samfurin, ta ɗora masa cajin lantarki, a wasu irinta ta cilla shi cikin bututu, mara nauyi ya riga isa mai nauyi ya biyo baya, kwamfuta ta zana kowa a gurbinsa. Dabarar feshin nan ce ta sa John Fenn ya samu Nobel a 2002 tare da Koichi Tanaka.

Wani ya ce rariyar ƙwayoyi. A'a malam, rariya girma take bi, ba ruwanta da nauyi.

Wata ta ce sikelin ƙwayoyi, ya fi kusa, amma sikeli abu ka ɗora ya faɗa maka jimla, ba ya rarrabewa.

Ni shiƙa ce ta tsaya min a rai. Duk wanda ya taɓa ganin mata a masussuka sun ɗaga ƙwarya suna zubo gero, tsaba ta faɗi a gaban ƙafa ƙaiƙayi ya yi can, ya gane zancen ba sai an ƙara ba. Na ji masu cewa ai shiƙa da iska ake yi, bututun kuwa zuƙe iskarsa ake yi tas. Gaskiyarku, har dariya abin ya ban. Kuma ainihin abin da take aunawa nauyi ne a raba da caji. Amma jirgin sama ma ai daga kwalekwale muka aro sunan, ba wanda ya rikice.

Don haka ni dai awon shiƙa, injin kuma na'urar awon shiƙa. Ku gwada a baki: an yi wa jinin awon shiƙa, an ga antibodi iri ɗaya ya yi tsiri ya bar saura, ana zargin mayeloma, wato wata irin kansar ɓargo.

Antibodi kuwa ku bar min shi haka tukuna, sojojin jiki fararen ƙwayoyin jini sun riga sun kama sunan.