Ta yaya zan sa goro a cikin Europa Universalis IV?

Ɗan Aboabo:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ina gyaran waya a nan Kumasi, in na rufe shago da dare sai in zauna kan Europa Universalis IV, wasan kwamfuta na tarihi inda kake zaɓar ƙasa ka mulke ta. Kullum Kano ko Katsina nake ɗauka daga 1444. Abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya shi ne kayan ciniki. Akwai gishiri, zinariya, hauren giwa, har koko, amma babu goro ko ƙwaya ɗaya. Kakan kakana kuwa goro ne ya kawo shi ƙasar nan. Da ayarin fatake ya taso daga Kano, suna ɗauke da kanwa da tufafi a kan jakuna har Salaga da ke arewacin Ghana, su juya da goro. Kakata ta sha ba mu labarin yadda ake jera shi cikin ganye ana yayyafa ruwa don kada ya bushe a hanya. Ina so ɗana ya buɗe taswirar ya ga wannan hanya. Ban taɓa haɗa mod ba, wato gyaran da ɗan wasa ke ƙara wa wasan da kansa. Daga ina zan fara?

Hamza Nima:
Wa alaikumus salam Yaya. Kada ka ji tsoro, yawancin fayilolin wasan rubutu ne zalla, manhajar rubutu ta Notepad++ ma ta ishe ka. Amma kar ka taɓa na asali, launcher, wato manhajar da ke tayar da wasan, zai buɗe maka jakar mod, can za ka kwafa. Goron zai shiga common/tradegoods, farashinsa common/prices, sannan ka je history/provinces ka canza kayan lardunan da kake so. Inda za ka yi gumi shi ne hoto. Duk kayan ciniki a jere suke cikin hoto guda, sai ka tsawaita shi ka ƙara adadin gidajen, in ba haka ba goronka ya fito da fuskar wani kaya. In wasan ya ƙi tashi, duba error.log, fayil ɗin da ke rubuta kurakurai. Haruffa masu lanƙwasa irin su ƙ da ɗ kuwa ba sa fitowa daidai, ni K'ank'ara nake rubutawa.

Malam Sani Asawase:
Ɗana, ka faranta mini rai, sai dai ka yi hankali da zamani. Tarihin Kano ya ce Sarki Abdullahi Burja ne ya buɗe hanyoyi daga Borno zuwa Gwanja, ƙasar da Salaga take, a tsakiyar ƙarni na 15, don haka goro ya dace da farkon wasan. Amma ƙarfin Asante sai bayan da Osei Tutu ya ci Denkyira a Feyiase a 1701, bunƙasar Salaga kuma tana bayan haka. Goro kuma ba a Salaga yake fita ba, a kurmi yake, Salaga kasuwarsa ce. Ka sa bishiyar a kudu, kasuwar a arewa. Abu na biyu ya fi nauyi. A kasuwar nan an sayar da mutane, kuma ayarin da ya ɗauki goro ya san da haka. In za ka nuna wa yaronka hanyar, nuna masa ita gaba ɗaya, kada ka wanke ta.

Ummi Madina:
Yaya, in ka gama ka ɗora a Steam Workshop, inda 'yan wasa ke raba mod, mu ma mu samu. Ni wani wasan tarihin nake yi, Crusader Kings III, da Daurama ta Daura daga 867. Zan taya ka rubuta labaran da ke faɗowa cikin wasan, na madugu da jagaba.

Ɗan Aboabo:
Na gode ƙwarai. Malam, na ji, kuma kakata ma ba ta ɓoye mana wannan ɓangaren ba. Hamza ƙanena, na buɗe jakar jiya, sai aka ɗauke wuta kafin in adana. Yau zan sake. Farashin goron fa, in sa shi kusa da na gishiri ko sama da shi?